Fijo 504: Asabar uku a kan bonet

'Yan uwa masu koyon gyaran tsofaffin motoci, ga inda aiki ya tsaya a kan Fijo 504 ɗin nan da na gada daga kawuna, haɗin Kaduna. Injin ya koma mazauninsa tun watan jiya. Abin da ya cinye mini Asabar uku shi ne tazarar da ke tsakanin bonet da fenda, wato ƙarfen gefen mota da ke saman tayar gaba.

Da na ɗora bonet ɗin karon farko, a dama tazarar ta tafi daidai, milimita 4 daga sama har ƙasa. A hagu kuwa ta fara da 3 kusa da gilashi, kafin a zo wajen fitila ta kai 8, har ɗan yatsana na shiga. Asabar ta farko na ƙare ta a kan hinji, ƙarfen da ke riƙe bonet yana buɗewa yana rufewa: in sassauta noti, ƙanena ya riƙe gefe ɗaya, mu tura, in ɗaure. In hagu ta gyaru, dama ta matse. Daga baya na lura makullin gaba ne ke jan bonet ɗin zuwa inda ya saba duk lokacin da muka rufe. Ku cire shi kafin ku taɓa hinji, shi ake mayarwa a ƙarshe. Ku kuma zagaye hinjin da fensir, don ku san inda kuka taso.

Sati na biyu wani dattijo mai gyaran jikin mota ya leƙo garejin. Bai ko taɓa bonet ɗin ba. Ya tsuguna wajen ƙofar direba, ya bi layin ƙofa da fenda da yatsa, ya ce, "Yaro, daga ƙofa ake farowa." Ƙofa ake daidaitawa da gangar jiki, fenda ta bi ƙofa, sannan bonet ya zauna tsakanin fendoji biyu. Ni kuwa daga wutsiya na kamo aikin. Muka ɗauko tef muka auna mazaunin bonet daga kusurwar dama ta baya zuwa ta hagu ta gaba, muka sake aunawa ta ɗaya ɓangaren, sai ga bambancin milimita 6. Da na kankare fentin fendar hagu, foti ne, abin da ake cike ramin jikin mota da shi, jibge mai kaurin biskit. An taɓa bugun motar a wannan gefen, wanda ya gyara ya cike ramin bai ja ƙarfen ya koma wurinsa ba. Abin ya sosa mini rai, domin kawu ya riƙe motar nan kamar 'yarsa.

Jiya muka kwance fendar, muka miƙe leɓen ƙarfen da take zama a kai, na sa washa biyu, 'yan zobban ƙarfe masu faɗi, a ƙarƙashin notin gaba. Na feƙe ɗan katako mai kaurin milimita 4, shi nake zurawa a wuri uku kowane gefe. Notocin hinji na bar su da ɗan sauƙi, yadda bonet zai motsa in an buge shi da tafin hannu amma ba zai zame da kansa ba. Tsayin gaba kuma robobin da bonet ke sauka a kansu ne ke riƙe shi. Tsofaffin sun bushe sun tsage, na sa sababbi. Duk wannan sai mota na tsaye kan tayoyinta a daɓe mai lebur, domin a kan jak jikin yakan ɗan murɗe, awon ya yi ƙarya.

Yanzu hagu tana 4 a baya, 5 a gaba, kuma na bar ta haka, tunda fenti zai ɗan ci daga ciki. Kafin in sake cire bonet ɗin zan huda ƙananan ramuka biyu na milimita 3 a kowane hinji har cikin ƙarfen bonet, don in ya dawo daga wurin mai fenti in zura ƙusa ya faɗa mazauninsa. Makullin zan mayar ranar Asabar, in Allah ya kai mu.