Daga Garwa Zuwa Marwa Da Na'urar Awon Zuciya

Bayan sallar asuba motarmu ta bar Garwa, a arewacin Kamaru. Na'urar ECG, mai zana bugun zuciya a takarda, na rungume a cinya, ban bari yaran mota sun ɗora ta sama ba, domin takardarta da zafi ake rubutu a kai, in ranar Afrilu ta doke ta sai ta yi baƙi tun ba a taɓa ta ba. Hanyar Marwa ta haura kilomita 200. Mun wuce Figil da masana'antar simintinta, na sauka a wata ƙaramar cibiyar lafiya.

Wani dattijo mai hawan jini aka kawo, da takardar awon da aka yi masa jiya, wadda ta tayar wa kowa hankali. Cikin layukan da na'urar ke zanawa, wanda ake kira I ya kife, wanda ake kira aVR kuma ya miƙe sama, akasin yadda aka saba gani. Wannan sau da yawa wayoyin hannu ne aka musanya. A na'urorin da ake samu a nan, jan waya na hannun dama, rawaya na hagu, kore ƙafar hagu, baƙi ƙafar dama.

"Baba, a daure a cire riga a kwanta, ba allura ba ce," na ce masa, don mu sake awon.

Gumi ya hana wayoyin ƙirji kamawa, sai da muka goge fatar ta bushe. Wayoyin ƙirjin shida ne, V1 zuwa V6: V1 da V2 suna zama a rata ta huɗu tsakanin haƙarƙari, dama da hagun ƙashin ƙirji, kuma da yatsa ake ƙirgawa, don masu yi da ido kan kai su sama da yawa. V4 a rata ta biyar, V3 tsakaninsa da V2, V5 da V6 su bi layin V4 zuwa hammata. Layin ya riƙa karkarwa har muka zare caja, na'urar ta koma kan batir.

Karatun kuwa bin tafiyar lantarkin zuciya ne. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta. Daga ɗakin sama na dama bugun ke tashi ya bazu a ɗakunan sama, shi ne ɗan tudun da ake kira P a takardar. Ya ɗan dakata a mashigar AV da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa, sannan ya sauka ɗakunan ƙasa masu tura jini, ya ba da tsinin QRS. T kuma komawarsu ce su shirya wa bugu na gaba. Takarda na gudun milimita 25 a daƙiƙa, ƙaramin gida na zanen takardar daƙiƙa 0.04 ke nan, ƙanana biyar kuma babban gida ɗaya. A lafiyayyar zuciya, tazarar PR, wato daga farkon P zuwa farkon QRS, ƙaramin gida uku zuwa biyar ce, QRS kada ya kai uku. Tsakanin R, wato ƙololuwar tsinin, da R na gaba a awon Baba manyan gidaje huɗu, a raba 300 da huɗu, bugu 75 a minti.

Da aka sake awon da wayoyin daidai, abin da ya rage shi ne R mai tsawo ƙwarai a V5 da S, wato saukar tsinin ƙasa, mai zurfi a V1, alamar bangon ɗakin ƙasa na hagu ya yi kauri, aikin hawan jinin shekaru. Aka rubuta masa takardar ganin likita a Marwa.

La'asar sakaliya muka shiga Marwa, kogin Kaliyawo yashi zalla, yara na buga ƙwallo a ciki.