Yadda nake auna agogon hannuna da waya

Agogon da ba ya aiki da batir, ko wanda ake yi wa wani da hannu ne ko otomatik, ba zai taɓa tafiya daidai da waya ba, ko dai ya yi gaba ko ya yi baya, abin da mutum ke son sani shi ne sakan nawa a rana. Nawa Seiko 5 ne mai inji 7S26, irin wanda ya cika hannun iyayenmu, kuma ina sonsa sosai wallahi, shi ya sa da na ji wai akwai manhaja da za ta saurari bugunsa ta faɗa maka lafiyarsa ban yi wata wata ba na sauke.

Na fara da Watch Accuracy Meter a Android, daga baya na taɓa Tickoprint. Duk aikinsu ɗaya ne, makirfon waya ke jin tik tik ɗin, manhaja ta lissafa tazarar da ke tsakani. Shi 7S26 yana bugu 21,600 a awa, shida kenan a sakan guda, wasu injina kamar ETA 2824 na yin 28,800, tsofaffi da yawa kuma 18,000. In manhajar ba ta gane adadin da kanta ba sai ka sa mata da hannu, in ba haka ba duk lambar da ta baka shirme ce.

Wahalar farko hayaniya ce. Janareton maƙwabta, fanka, ɗan adaidaita da ke wucewa, kai ko motsin kujera sai ka ga ɗigo ɗigon da manhajar ke jerawa a layi don nuna bugun sun watse a sikirin. Sai dare ya yi nisa an kashe komai nake samun layi mai kyau. Abin da ya fi min aiki shi ne iyafis mai waya, na cire agogon daga hannu na ɗora a kan tawul, na manna makirfon iyafis ɗin a jikin kan wanin, wato ɗan maɓallin gefe da ake murɗawa a saita lokaci, na ɗaure da robar kuɗi. Ƙarfe ne ke ɗauko sautin kai tsaye daga ciki, nan take layin ya miƙe. Na Bluetooth kam kar ma ka ɓata lokacinka, yana tace sauti ya zubar da abin da ake nema.

To da layin ya fito sai na ga abin da ban zata ba. Fuska sama agogon na gudu, in na kwantar da shi a gefe kan wani na kallon ƙasa sai ya koma baya, in na karkaɗa shi ya cika lamba daban, in ya kwana ajiye ƙarfinsa ya ragu wata lambar daban. Da farko na ɗauka manhajar ce ke wasa da ni, ashe haka duk agogon inji yake, nauyi na jan ƙafar balans, wato 'yar ƙafar da ke lilo a ciki tana ƙayyade bugun, gwargwadon yadda aka ajiye shi. Shi ya sa ma hukumar COSC ta Suwizalan ke gwada agogo kwana 15 a kwanciya 5 da yanayin zafi 3 kafin ta ba shi shaida, kuma ko a can an yarda ya yi baya da sakan 4 ko gaba da 6 a rana. Wannan fa agogon manya ne masu tsada. Injin NH35 na Seiko da ke cikin agoguna masu araha, kamfanin da kansa ya ce daga baya da 20 zuwa gaba da 40 duk lafiya ne. Ni dai tun da na san haka hankalina ya kwanta.

Akwai abin da waya ba ta iya yi da kyau, auna faɗin lilon balans ɗin, wanda shi ne ke nuna ko mai ya bushe a ciki. Wannan sai na'urar gaske irin Weishi 1000 mai makirfon da ke damƙe agogo. Na kai wa wani dattijo mai gyara da ke da ita, ya ɗora ya juya shi gefe gefe yana kallon lambobi, na ce Baba ni fa wayata ta nuna min kaza. Ya ce "ɗana wayarka ba ta yi ƙarya ba, amma gudu kawai ta gani, ka ga nan? Lilon ya kamata ya kusa digiri 270 in ya cika, naka ya yi ƙasa, wanki yake so da mai." Da a ce na buɗe bayan na tura ɗan hannun da ake saita gudun agogo da shi don lambar ta dawo sifili, da na rufe ciwon ne kawai injin na ci gaba da cin kansa a bushe.

Wani abu kuma da ya kamata kowa ya sani, in agogo ya tashi rana ɗaya yana gudun mintoci, yawanci maganaɗisu ne ya kama siririn sifirin da ke jikin balans ɗin ya manne. Sifikar rediyo, murfin jaka mai maganaɗisu, ko kwana kusa da waya duk suna jawowa. Buɗe kamfas na wayarka ka matso da agogon a hankali, in allurar ta yi tsalle to ga dalili nan, kuma cire shi aikin sakanni ne a wurin mai na'urar.

Yanzu dai gwajin da na fi yarda da shi ba ya buƙatar makirfo ma. Ina buɗe time.is, shafin intanet mai nuna ainihin lokaci, da safe na duba tazarar da ke tsakaninsa da allurar sakan na rubuta, na sa agogon na yi harkokina kamar kullum, bayan sati na sake dubawa na raba da bakwai. WatchCheck da Toolwatch wannan lissafin suke yi maka in kana ƙyuyar rubutu. Tunda 7S26 allurar sakan ɗinsa ba ta tsayawa in ka ja kan wani, ba na wahalar da kaina wajen saita shi daidai, tazarar kawai nake bi. Manhajar sauraro kuma amfaninta gare ni shi ne ta nuna min wace kwanciya ce ke sa shi gudu wacce ke ja masa birki, in ya tara sakanni a yini sai na kwantar da shi a gefe da daddare ya rage su kafin asuba, in ya yi baya na bar shi fuska sama.