Wata uku ina kallon fuskar Juan de Pareja

Ranar da malaminmu na zane ya miƙo mini hoton, cewa ya yi, "Kwaikwayi wannan. Kada ka ƙara, kada ka rage." Hoton Juan de Pareja ne, wanda Diego Velázquez ya zana da fentin mai a birnin Rum a 1650. Pareja mutumin Sifaniya ne mai jinin Afirka, bawan Velázquez kuma mai taya shi aiki a ɗakin zane. Wankan tarwaɗa ne. Na ce a raina abu ya zo gidan sauƙi, ai irin wannan fatar nake gani a madubi kullum.

Ashe sanin da nake taƙama da shi ne zai kayar da ni. Na kwaɓa ruwan ƙasa guda ɗaya na shafe fuskar, na sa baƙi a inuwa, fari a wurin haske. Sai ta fito kamar tukunyar da aka baɗa wa toka. Malam bai yi faɗa ba. Ya huda 'yar kafa a farar takarda, ya ɗora a goshin Pareja, ya ce, "Faɗa mini launin nan." Na rasa sunansa. Ya matsar da kafar zuwa kunci, launin ya yi ja-ja. Ya kai ta ƙarƙashin haɓa, ya dushe. Bangon baya kuwa toka-toka ne da ɗan kore, kuma shi ne yake sa fatar ta yi ɗumi a ido. Ni na bar nawa bangon fari fat, na ce sai ƙarshe.

Sauran dokokin haƙuri kawai suke so. Shafin fenti na farko a tsinka shi, na sama a ƙara masa mai, in an juya tsarin, fentin zai tsattsage daga baya. Kowane shafi sai an jira shi kwanaki. Da hunturu na yi aikin, don haka kullum sai na juya kyallen ya fuskanci bango, in ba haka ba ƙura ta zauna a ɗanyen fenti, ba ta fita. Farin da masu zanen wancan zamani suka yi amfani da shi na dalma ne, mai guba. Nawa na titaniyam ne, ɗigo kaɗan ya isa ya kashe launi ya mai da shi alli.

Kwalar leshin da ke wuyansa ta ci mini mako guda. Na ɗauki siririn burushi ina bin kafa-kafa, ta fito a sandare kamar an yi mata sitaci. Da na buɗe hoton a shafin intanet na gidan tarihin Metropolitan na New York, inda asalin yake, na faɗaɗa shi, dariya ta kama ni. Gefen leshin 'yan dangwale-dangwalen fari ne kawai. Sai an ja baya ido yake ɗinka su. Tun daga nan nake aiki a tsaye: in taɓa, in ja baya taku biyar, in kanne ido, in dawo.

Abin da ya gagare ni shi ne kallon. Lokacin da Pareja ya tsaya a zana shi, bawa ne. A watan Nuwamban 1650 Velázquez ya sa hannu a takardar 'yanta shi, da sharaɗin ƙarin hidimar shekara huɗu. Daga baya shi ma ya zama mai zane, akwai aikinsa na 1661 a gidan tarihin Prado da ke Madrid, har ya sa kansa a gefen hagu. Amma a hoton 1650 yana kallon mutum kai tsaye, cikin natsuwa, babu ƙasƙanci, babu fushi. Sau huɗu ina kankare ido ɗaya da wuƙar fenti ina sakewa.

Da na kai kwafin gida, mahaifiyata ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "Wannan bawan Allah me aka yi masa yake hararar mutane?" Na sake ɗora 'yar takardar mai kafa a kan hoton da malam ya ba ni. Fatar idonsa ta sama ta ɗan sauko fiye da ta kwafina, bambancin bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba.