Tarihin Rayuwata, Kashi Na 7: Ranar Da Aka Ce Min Duniyoyi Tara Ne

Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya na tsaya a inda malamin jogurafi ya saka sunana cikin ɗalibai uku da za su wakilci makarantarmu a gasar kacici-kacici ta shiyya, to yau zan ba ku yadda ta kaya, kuma wallahi har gobe in na tuno wannan rana sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Amma bari in fara gaya muku inda na tsinto ɗan abin da na sani ɗin, don gaskiya ba a aji ba ne. Babanmu tela ne, shagonsa na jikin zauren gidanmu, kuma yana da wata baƙar rediyo wadda murfin batirinta ya karye har sai da aka ɗaure shi da roba, tun asuba take a kunne, daga BBC ya murɗa Muryar Jamus, daga nan Muryar Amurka, kowace ya san lokacinta ba sai ya duba agogo ba. Ni kuma aikina in an taso makaranta shi ne saka maɓalli da yanke zaren da ya yi saura a jikin riga, don haka duk abin da ya shiga kunnen Baba ya shiga nawa. In aka fara Amsoshin Takardunku kuwa ɗauke ƙafa yake daga kan keken ɗinki, ko mai karɓar kaya ne ya zo sai dai ya samu benci ya jira. Ana gamawa zai juyo yace "Uwata, ina ne babban birnin Ostireliya?" in nace Sidni yace a'a sake lale, Kanbera ce. Turkiyya fa? Ankara, ba Istanbul ba. Duk wanda na faɗi sai ya sa in rubuta shi a bayan littafin awonsa, shi ya sa in kika buɗe littafin nan za ki ga faɗin kafaɗar wani da tsawon hannun rigarsa, a ƙasa kuma ki ga rubutuna, ƙasusuwan babban mutum 206 ne, hasken rana yana ɗaukar wajen minti 8 kafin ya iso mana.

Har rigima mun taɓa yi da kakarmu a kan gyaɗa, ranar da na shigo cikin gida ina cewa asalin gyaɗa da rogo da tumatir da barkono da masara duk daga nahiyar Amurka aka kawo su, dawa da gero ne namu na Afirka. Tace in rufe mata baki, ita da ta ga dalar gyaɗa a Kano da idonta za a zo a ce mata gyaɗa baƙuwa ce. Har ta koma ga Allah ba ta yarda ba, Allah ya jiƙanta.

To a hutun ƙarshen shekarar karatu na 2006, cikin Agusta, muna zaune ana yayyafi sai muka ji a labarai wai masana taurari sun yi taro a birnin Firag sun kaɗa ƙuri'a, sun cire Fuluto daga jerin duniyoyin da ke kewaya rana, sun koma takwas. Baba ya tsayar da keke yace ikon Allah, ashe duniya ma ana sauke ta daga kan mulki. Dalilin da aka bayar shi ne ba kewaya rana da zama dunƙulalliya kaɗai ke sa a ce da abu duniya ba, sai ya share hanyarsa daga sauran tarkacen da ke yawo a wurin, ita kuma Fuluto cikin tarkacen take tafiya, ga ta ƙarama ko watanmu ya fi ta girma, sannan a 2005 an gano wata can bayanta mai girma kamar nata, kun ga in aka bar Fuluto dole a saka waccan ma da duk wadda za a gano nan gaba. Tun 1930 ake lissafawa da ita. Na rubuta a littafin awo, 24 ga Agusta 2006, duniyoyi 8, har na ja layi biyu a ƙasa.

Gasar an yi ta cikin Nuwamba bayan ƙaramar Sallah, sanyi ya fara shigowa. Makarantu shida, babban hol cike da ɗalibai, ga lasifika sai ƙara take. Da turanci ake tambaya, ni kuma da Hausa na koyi komai, don haka sai na juya tambayar a kaina tukun in lalubo amsar da muryar Baba sannan in mayar da ita turanci, duk cikin daƙiƙa goma. Kowace tambaya maki biyu, in kun faɗi a miƙa wa abokan karawa su ci maki ɗaya na bonas.

Zagayen farko ba mu sha wuya ba. A ina kogin Neja ya haɗu da Binuwai, Lokoja. Daga wace ƙasa ya taso, tsaunukan Gini. Ƙasashe nawa suka kewaye tafkin Chadi, na lissafo su huɗu, Najeriya, Nijar, Chadi, Kamaru. Yaushe aka haɗe kudu da arewa, 1914. Abokiyar zamana ita ce gwanar ƙwallo saboda yayyenta maza, ita ta amsa cewa Ajantina Najeriya ta doke da ci 3 da 2 ta ɗauki zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, kuma Italiya ce ta ci kofin duniya na shekarar da muke ciki. Aka tambayi wata makaranta waye Sarkin Musulmi, suka ce Muhammadu Sa'ad Abubakar, na 20, aka ba su makinsu, hol ɗin ya yi tsit na ɗan lokaci don ko wata ɗaya ba a yi ba da rasuwar yayansa Sarki Maccido a hatsarin jirgin sama a Abuja ranar 29 ga Oktoba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Muka kai zagayen ƙarshe mu da wata makarantar maza, suna da 19 muna da 18, tambaya ta ƙarshe kuma tamu ce. Alƙalin gasa ya gyara tabarau ya karanto, duniyoyi nawa ne ke kewaya rana. Wallahi sai da na ji daɗi ya rufe ni, don shafin littafin nan nake gani a gabana da layi biyun da na ja. Abokiyar zamana ta matso tana raɗa min tara, tara, na girgiza mata kai, na jawo abin magana nace takwas.

Yace ba daidai ba ne. Ya miƙa wa mazan, suka ce tara, aka buga tebur, hol ya ɗauki ihu.

Ban san lokacin da na miƙe ba, jikina na rawa nace ranka ya daɗe an cire Fuluto tun watan Agusta, a rediyo aka faɗa. Sai dariya ta ɓarke daga baya, wani ya ɗaga murya yace 'yar rediyo, sunan da ya bi ni har na gama makarantar ke nan. Alƙalin ko kallona bai yi sosai ba, ya ɗaga littafin kimiyya sama yace shi da abin da ke cikin manhaja yake aiki, ba da jita-jita ba. Malaminmu ya taso ya je teburin, ni ma na bi shi duk da ana ta yi min alama in zauna, kuma a nan ne na ga abin da ya fi komai ƙona min rai. Takardar tambayoyin na shimfiɗe a gabansa, a wurin tambayar Sarkin Musulmi an soke tsohuwar amsa da jan biro an rubuta sabuwa a sama. Kenan sun san amsa tana canzawa, sun san abin da aka buga jiya yau yana iya tsufa, wancan sun gyara don kowa ya ji labarinsa, wannan kuma da yake bai zo kunnensu ba sai ya zama ƙarya a bakin yarinya 'yar shekara 15. Malam ya nuna masa wurin da yatsa a hankali cikin ladabi, shi kuwa ya kife takardar yace hukunci ya riga ya fita.

Ni ba kofin ne ya dame ni ba, Allah ya sani. Dariyar ce, da kuma yadda a mota wajen dawowa ba wadda ta yi min magana, abokiyar zamana ta juya fuska tana kallon taga har muka iso, ita a ganinta taurin kaina ne ya kayar da mu bayan ta gaya min amsa. Malam kaɗai ne da za mu sauka yace min a hankali, ke ce da gaskiya, amma a gaban firinsifal bai maimaita ba, kuma na daɗe ina jin ciwon wannan shirun nasa.

Bayan magariba na shiga shago, Baba na gugar wata babbar riga da dutsen guga na gawayi. Yana ganin idona ya ajiye. Na ba shi labari ina kuka, bai katse ni ba har na kai aya, sannan ya jawo littafin awo ya buɗe shafin da kansa ya daɗe yana kallo. Yace Uwata, da kika ce takwas, kina shakka? Nace a'a Baba. Yace to share hawayenki ki ɗauko biro.

Ya yago takarda biyu daga tsakiyar littafin, ya aiki ƙanena ya sayo ambulan da kan sarki, ya rage muryar rediyon da kansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba a lokacin labarai, yace rubuta, zuwa ga Amsoshin Takardunku. Abin da muka rubuta a wasiƙar nan da wanda ya zo shagon Baba neman ta bayan sati uku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.