Tsoro na sauya wutsiyar ɗan kwaɗo

Duk mai noman shinkafa a fadamar Auyo ya san 'ya'yan kwaɗi, masu dunƙulallen kai da 'yar wutsiya, da ke cika kududdufai da damina. Ni dai na ƙara zura musu ido tun da na karanta cewa surar jikinsu tana bin abin da ke cikin ruwan da suka tashi.

Babban maƙiyinsu ɗan mazari ne, tun yana ruwa bai yi fiffike ba. Laɓewa yake a taɓo, leɓensa na ƙasa a naɗe, sai ya harbo shi ya yi caraf da na kusa. In ya ci ɗaya, warin wanda aka cinye ya bazu a ruwa, sauran su sansano. Masana a Amurka, irin su Rick Relyea, sun kulle ɗan mazari a keji cikin ruwa suna ciyar da shi a ciki, ba halin ya taɓa na waje. Duk da haka na wajen suka tashi da faffaɗar wutsiya da ƙaramar gangar jiki. Wani kwaɗon bishiya na can har ja wutsiyar ɗansa take yi, da ɗigon baƙi, ta ja hankalin maharbin ya kai cafka can. Wutsiya in ta yage tana sake tsirowa, kai kuwa in an kama shi an gama.

A tsibirin Hokkaido na Japan akwai wanda jikinsa ke kumbura, domin mai farautarsa haɗiya yake ɗungurungum, kumburin ya fi ƙarfin bakinsa. A ɗauke maƙiyin, kumburi ya sace. Sai dai tsoron nan yana da tsada: sukan rage kiwo, girma ya yi jinkiri, irin kududdufanmu kuma da an ɗauke ruwa sai ƙafewa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne binciken Relyea na 2012. Ya ga maganin ciyawa na Roundup shi kaɗai, ba maƙiyi ko ɗaya, yana faɗaɗa wutsiyar 'ya'yan wasu kwaɗi kamar sun ji mazari. Mu nan kuwa bayan feshi a bakin kududdufi ake wanke injin. Na yi wa Kawu maganar a gona, ya ce, "To ɗan nan, ina za mu wanke?" Mun yi shawara za mu riƙa ɗibar ruwa a jarka mu wanke can kan tudu, nesa da ruwa.