Wai abincin ƙauye

Laraba. Na kwanta tun ɗazu barcin ya ƙi zuwa, maganar matar nan ce, uwar wata ɗalibata, take ta yi min yawo a ka, na ce to bari in tashi in rubuta ko na huce.

Da safe lafiya lau fa. Kabu-kabu na farko da na tare a Mabera shi ya ɗauke ni, kafin bakwai da rabi ina makaranta, Anti Ƙarama har ta yayyafa ruwa a tsakar gida saboda ƙura. Yau kwana tara da fara sabon tsarin Hajiya mai makarantarmu, wanda na cika muku kunne da mitarsa makon jiya: ba lemon kwalba ba alewa a kular yara, makaranta ce za ta ba su abin ƙarfe goma, kuma a fitar da su wasa sau biyu. To Sakkwato ce kuma Afrilu ne, zafi yana haura digiri 40, in sha ɗaya ta yi ba mai fitar da ɗan mutane rana, don haka takwas da rabi muke fita ƙarƙashin dogon yaro, sai kuma tara da rabi. Na zana musu 'yar gala-gala da gawayi, ƙananan suna bin ƙwallo suna cin tuntuɓe. Sarkin kukan ajinmu ma yau da dariya ya wuni, ya faɗi ya tashi ya kakkaɓe wando da kansa, wallahi sai da na kira Anti ta gani. Ƙarfe goma alale da yankan kankana. Kwano ɗaya bai dawo da saura ba.

Sai ƙarfe ɗaya Hajiyar jar mota ta zo ɗaukar 'yar lelenta.

Tun a bakin ƙofa ta zuge jakar, ta ga lemon kwali da biskit yadda ta sa su, ko tsinken ba a ɓalle ba. Ta ɗago ta dube ni, "Malama, mi na na wanga? Lemu ya dawo, biskit ya dawo, to mi tac ci?" Na ce ranki shi daɗe alale ta ci da kankana, har ƙari ta nema. Ta ce "Alale?" kamar na ce mata guba. "Ni ka biyan kuɗi duk zango don a ba ɗiyata abincin ƙauye? Dubi safatta don Allah, kamar wadda tat taho daga gona." Safar kam gaskiya ta yi ja, gwiwa ma duk ƙasa, yarinyar tana tsaye tana tsotsar ɓawon kankanar da ta ƙi yarwa. Na buɗe baki na ce Hajiya ai likitoci sun ce, ko ƙarasawa ban yi ba ta ce ita ba likita ta kawo wa ɗiya ba, makaranta ta kawo ta. Ta fizge ɓawon ta jefar, ta ja hannunta suka shiga mota. Iyaye uku suna tsaye suna kallo, ni kuma ina riƙe da takalmin wani yaro ƙafa ɗaya kamar wata sokuwa.

Kun san halina, sai da na hau babur sannan amsoshi suka yi ta zuwa. Da na ce mata a bitar da aka yi mana an nuna mana ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, cewa ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar minti 180 na motsa jiki a wuni, awa uku kenan, kuma minti 60 daga ciki ya zama na guje-guje har ya yi haki, kada a daskarar da shi wuri ɗaya sama da awa guda, kallon waya ko talabijin ma kada ya wuce awa ɗaya. Yaron da ya wuni da mu daga bakwai zuwa ɗaya, ya koma gidan da ke da katanga da get da talabijin, in bai yi gudun a wurinmu ba a ina zai yi? Da na ce mata ƙaramar kwalbar lemo ɗaya sukarin cikinta ya kai wajen cokalin shayi tara, ta auna tara a kofi ta gani ko za ta iya miƙa wa 'yar shekara uku. Ita kanta gwamnati a 2022 ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi. Duk wannan a bayan ɗan kabu-kabu na faɗe shi a raina, har muka wuce kwanarmu ban sani ba.

Amma ba shi ne ya tsaya min ba. Kalmar nan ce, abincin ƙauye. Inna da hura da nono ta raine mu a Wurno, da kwaɗon zogale da ƙuli, da ɗanwake, kuma wake ne alalen nan, da manja da albasa da ɗan kifi, abin da ke gina jikin yaro. A garin nan namu akwai asibiti guda sukutum na cutar noma, cutar da ke cin bakin yaran da yunwa ta raunana, kuma abin da ake ba masu tamowa a leda ai gyaɗa ce da madara. Wasu uwaye suna layi don 'ya'yansu su samu irin abin da muka zuba a kwano yau, wata kuma kunyarsa take ji.

Da na natsu kuma na ga ba ita kaɗai ce da laifi ba. Mace ce mai fita aiki da sassafe, kwalin nan sakan biyu ne ta jefa a jaka, ba ya lalacewa, alale kuwa a zafin nan in ya wuce azahar ya fara yauƙi, ga wuta babu balle firij. Kuma ba wanda ya zaunar da iyaye ya yi musu bayani, takarda kawai Hajiya mai makaranta ta sa muka cusa a jakunkuna, na tabbata rabi ba su karanta ba. Na faɗa tun farko a kira taro. An ce ba lokaci.

Da magariba Auta ya tasa ni gaba da rigima ina tuƙa tuwo, Babansu bai dawo ba, Gwaggo tana salla. Na ɗauko waya na kunna masa katun, na buɗe jakata na miƙa masa biskit guda biyu. Sai da ya cinye na tsaya ina kallon ledar a hannuna. Ya fi awa ɗaya a kan wayar nan, ban ƙirga ba ma, tuwon dai ya nuna.

Ɗazu Hajiya mai makaranta ta turo saƙo wai mijin matar zai zo gobe ƙarfe takwas, in shirya ni zan yi bayani tunda ni aka yi da ni. Takwas da rabi ne lokacin fita wasa. Gobe kunun gyaɗa ne da ƙosai, kuma ajinmu ne da zanen gala-gala, ban san ko in zana kafin ya zo ko in bari ya tafi ba.