TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 11: Ranar da aka miƙa mini makullan gida

A makon jiya na tsaya a inda gobara ta cinye babbar kasuwar Terminus ta Jos a watan Fabrairun 2002, ta haɗa da shagon atamfar Baba. Tun daga nan Baba bai ƙara zama daidai ba. Hawan jini ya kwantar da shi, hannun dama ya daina aiki, magana ma sai da ƙyar. Da yake ni ne ɗan fari, ba a nemi shawarata ba. Wata Asabar dangi suka taru a gidanmu na Tudun Wada, Baffa ya ɗauko makullai da littafin bashi ya dire a gabana.

Kowa da abin da yake ganin a fara da shi. Baffa ya ce dilan Kano da ya ba Baba kaya bashi, domin mutunci madara ne. Kawu ya ce kuɗin makarantar ƙannena. Wani kuma ya ce in yi maza in kama wurin kasa kaya a bakin titin Ahmadu Bello kafin a cinye wuraren. Babu wanda bai faɗi gaskiya ba.

Mama ba ta ce uffan ba sai da aka watse. Da dare tana jin ɗumin gawayi ta ce, "Ɗauko Littafi Mai Tsarki, ka buɗe mini Tarihi na biyu, sura 29." Idonta ya fara rauni, ni nake karanta mata.

Labarin Sarki Hezekiya ne. Yana da shekara 25 ya hau gadon sarauta a Urushalima. Mahaifinsa Ahaz ya bar Haikali a kulle, fitilu a kashe, ga bagadan gumaka a kowane lungu na birni. Ga kuma Assuriya tana haɗiye ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, har Samariya ta faɗi a shekara ta shida ta mulkin Hezekiya. In ni ne mashawarcinsa, da garu da sojoji zan ce a fara. Amma aya ta 3 ta ce a watan farko na shekararsa ta farko ya buɗe ƙofofin Haikalin Ubangiji ya gyara su. Lawiyawa, masu hidimar Haikali, suka yi kwana 16 suna tsarkake wurin, ƙazantar da aka fitar suka kai rafin Kidron.

"Tsaya nan," in ji Mama. "Ban ce babanka Ahaz ne ba, kada ka juya mini magana. Kasuwa ce ta rufe mana ƙofa."

Na gane nufinta. Da muna ƙanana, ba a fita gidanmu sai an yi waƙa da addu'ar safe. Da ciniki ya buɗe, Baba ya koma sammako, abin ya mutu ba wanda ya yi masa jana'iza. Ran Lahadi dai muna zuwa majami'a, shi ke nan.

Kafin gari ya waye ta tashe mu, cikin sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi. Falo cike yake da turamen da aka tsamo daga wuta, bakinsu a ƙone, suna warin hayaƙi. Muka kwashe su zuwa ɗakin baya, muka shimfiɗa tabarma, muka tallabo Baba muka zaunar. Bakinsa bai iya fitar da kalmomin waƙar ba, amma yana buga hannun hagu a gwiwa, bai kuskure ko sau ɗaya ba.

Masu wa'azin da ke cewa da zarar ka sa sujada gaba bashi zai narke, ina ganin ba su ƙarasa karatun ba. Hezekiyan nan, a shekara ta 14 ta mulkinsa Sennakerib Sarkin Assuriya ya auka wa ƙasarsa Yahuza, har sai da ya ɓamɓare zinariyar ƙofofin Haikali ya biya gandu. Mu ma ko kwabo bai ragu a littafin bashinmu ba. Ran Alhamis da hantsi, ina wanke fuska, ƙanwata ta shigo da gudu ta ce, "Yaya, Alhajin Kano yana ƙofa, kuma ba shi kaɗai ba ne."

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.